Karar da Na Yi wa Tsohon Hazan

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da harshe ya furta da abin da ya danne.

A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo ƙasarmu, wani Alhaji ɗan garinmu ya sayi gida a London, a unguwar Marylebone, ya sa 'ya'yansa a makaranta can. Tsoro ya kama shi kada su tashi ba su iya ko Fatiha ba, sai ya ɗauko ni daga gida in riƙa yi musu karatu da yamma. Ni karatun allo na yi, na zauna a zaure na yi littattafai, har yau kuma in na ɗauki alƙalami da Ajami hannuna yake fara tafiya. Turanci a ajin manya na tsince shi, lokacin da nake rubutu a kotun alƙali, bai kuwa zauna mini a baki ba sai da na zauna cikin masu shi.

Karatun yara shi ne sunan aikin, ainihinsa kuwa baƙi ne. Gidan Alhaji ba ya rabuwa da mutane. Wannan ya zo ganin likitan ido, wancan ya zo sayen injin niƙa, wata Hajiya ta zo neman labule da kwanuka. Ni ne tafinta, ni ne ɗan rakiya, ni ne mai riƙe jaka a bakin shago. Da safe asibiti, da rana kanti, da yamma yara masu amsa mini da Turanci. Kafin in kai gida ƙafafuna sun zama ba nawa ba.

Gidan da nake faɗa ɗaki ne guda a Edmonton, can arewa, sai an shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube an sauka an hau bas. Wani likita mutumin Zariya ne ya haɗa ni da masu gidan, wasu tsofaffin Yahudawa, miji da mata, waɗanda 'yarsu tilo ta yi aure a wani gari. Ya ce, "Malam, can za ka fi samun natsuwa. Ba alade a gidan, namansu kuma yankakke ne." Haka kuwa na samu. Ranar da na tare, uwargidan ta zagaya da ni kicin, ta nuna mini tukwanen nama daban, na madara daban, ta ce in na haɗa su, ni da ita ne. Ban taɓa haɗawa ba. Nakan ce mata Mama, shi kuma Baba. Shi da ya ji likitan yana ce mini Malam sai ya ɗauka, ya riƙe.

Washegari da hantsi, ina shirin fita, na ji murya tana tasowa daga falo ta cikin katakon ɗakina. Namiji ne shi kaɗai, ba kiɗa, yana jan kalma ɗaya yana lanƙwasa ta, ya hau da ita, ya sauko, ya sake hawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya tabbata akwai mutum a ciki. Ban san harshen ba, amma na san aikin. Shekara bakwai na yi ina jan baki a tafsirin azumi a masallacin unguwarmu, ina karanto aya malam yana fassarawa. Wanda ya yi wannan ya san inda numfashi ke ƙarewa, ya kuma san dabarun da ake yi a ɓoye ƙarewarsa.

Daga baya na fahimci sana'ar maigidan nawa. A majami'arsu akwai malami mai wa'azi da fatawa, akwai kuma wani daban da ke tsayawa gaban jama'a ya ja addu'o'i da murya, su suna amsawa. Shi suke kira hazan. Aiki ne na ɗauka, da kwamiti da takarda, kamar kowane aiki. Baba hazan ne a wata ƙaramar majami'a da ba ta wuce tafiyar minti goma sha biyar da ƙafa daga gidan ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kullum a naɗe da gyalen ulu ko da ana zafi. Ba ya shan ruwan sanyi. Kowace safiya Mama takan kaɗa masa ɗanyen ƙwai da zuma cikin madara mai zafi, ya shanye yana yamutsa fuska.

Addininsa nasa ne, nawa nawa. Bai taɓa neman in bi addu'arsa ba, ni ma ban taɓa yi masa wa'azi ba. Abin da ya fara haɗa mu wasiƙa ce. Wata Lahadi ina zaune a teburin kicin ina rubuta wa iyalina, ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, kai ma daga dama kake farawa?"

Na ce, "Daga dama, Baba."

Ya ce, "To mu biyu ne ke tafiya daidai a titin nan. Sauran duk baibai suke yi."

Tun daga ranar yakan jawo kujera idan ya gan ni. A hankali, ba a zama ɗaya ba, na ji tarihinsa. A wani ƙaramin gari na ƙasar Poland aka haife shi. Tun yana ƙarami aka ba da shi ga wani babban hazan, yana tsayawa a bayansa yana amshi, suna yawo gari gari, har ya haddace yadda ake jan kowace addu'a, ta Asabar daban, ta kowane biki daban. Ya zo London kafin yaƙin duniya na biyu. Danginsa da suka zauna can babu wanda ya tsira. Sau ɗaya ya faɗi wannan, yana goge tabarau, bai sake ba. Abin da ya fi son maimaitawa shi ne zamanin da yake gabashin London, lokacin da a manyan bukukuwa majami'a kan cika har mutane su tsaya a titi suna saurare ta taga. Ya ce a lokacin teloli da masu gasa burodi sukan yi gardama a kan hazan kamar yadda yanzu ake yi a kan 'yan ƙwallo.

Ya ce, "Yanzu 'ya'yan telolin sun zama likitoci da lauyoyi, sun koma unguwanni masu lambu. In ka ja kalma ta wuce minti ɗaya sai ka ga ana duba agogo. So suke a gama kafin miya ta huce."

Majami'arsa ta Edmonton ta koma ta tsofaffi. Addu'arsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da maza goma, wata Asabar ɗin sai an leƙa titi ana jiran na goman. A shekarata ta biyu a gidan, kwamiti ya yanke shawara za a rufe wurin bayan manyan bukukuwansu na kaka. A daidai lokacin kuma wata babbar majami'a, sabuwa, a can arewa maso yamma inda masu lambun suka koma, ta ce tana neman hazan. Yadda suke yi shi ne kowane mai nema a ba shi Asabar guda ya ja addu'a gaban jama'a, daga nan kwamiti ya zauna. Matasa biyu sun riga sun nema, ɗayansu ma makarantar kiɗa ya gama. Wasu tsofaffin da suka san Baba tun gabashin London suka rubuto masa cewa shi ma ya nema.

Wata Lahadi bayan azahar ya kira ni falo, ya rufe ƙofa. Wasiƙar tana kan tebur.

Ya ce, "Zauna, Malam. Aiki zan sa ka. Shekara arba'in da wani abu ina tsayawa gaban mutane, ba wanda ya taɓa jin muryata ta karye. Ba ni da gida na kaina, ba ni da ɗa namiji, wannan sunan kaɗai nake da shi. In muryar tana nan, zan je. In ta tafi, zan rubuta musu in ce na gode, in gama bukukuwan nan da tsofaffina, in sauka da sunana. Matsalar ita ce mutum ba ya jin kansa."

Na ce, "Ai ga Mama."

Ya ce, "Matata shekara arba'in tana yi mini ƙarya, shi ya sa muke zaune lafiya."

Daga kicin ta ɗaga murya ta ce, "Ina jin ka, tsohon banza!"

Ya ce, "Ka ji kunnenta garau, bakin ne ba gaskiya. Abokaina kuma rabinsu kurame ne, sauran da na buɗe baki sai su tuna iyayensu su fara kuka. Kai ba ka jin kalmomin, ba za ka yi kuka ba. Ka ce ka yi irin aikin nan a ƙasarku. Kunne kawai nake so."

Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi a gwiwa, ya kara a kunne don ya kamo inda zai fara. Ya ce addu'ar da zai ja ita ce ta roƙon albarkar sabon wata, wadda ake yi a Asabar ɗin da ke gaban tsayuwarsa, kuma da ita ake auna hazan. Ya miƙe, ya juya mini baya, ya fara.

A ƙasa muryar tana nan, har ta fi ta matasa, don tana da nauyin da ba a samu sai da shekaru. A tsakiya ma tana nan. Amma akwai wurin da addu'ar ke hawa, ta tsaya can sama, a riƙe ta a kaɗa. Da ya isa nan sai na ji ta sirance, tana rawar da ba shi ya sa ta ba. Na ji ya saci numfashi a tsakiyar kalma, ya rufe satar da ɗan ado. Bayan wuyansa ya yi ja. Ya kai inda yake so, amma da ƙyar, a ƙaramin falo mai labule da kafet, bayan ya wuni a hutu. Na san abin da zai faru a babban ɗaki bayan tsayuwar awa biyu.

Ya juyo yana haki ya ce, "To?"

Na sunkuyar da kai. A inda na tashi, yaro ba ya duban tsabar idon dattijo ya ce masa ƙarfinka ya ƙare. Ba a faɗa wa malami haka, ba a faɗa wa uba. Kara muke ce mata, kuma tun kafin in iya alwala aka koya mini ita. Mutumin nan ya haife ni a shekaru, a gidansa nake kwana, matarsa ke ajiye mini miya in na yi yamma.

Na ce, "Masha Allah, Baba. Murya tana nan."

Ya ce, "Har can sama?"

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Bahaushe da ya ji an amsa masa tambaya da addu'a ya san an kauce. Shi bai sani ba. Ya buga hannu a tebur ya ce, "Kin ji ko? Malam ya ce har sama!"

Kwana uku abin yana cina. A cikin tube, a ɗakin jiran likita, ina riƙe da jakar wata Hajiya, shi nake tunani. Sai na tuna yadda ake yi a gida. In ladan ya tsufa, ba mai cewa ya sauka. Sai a aika masa da wani abu da zai gane da kansa, a bar masa mutuncinsa ya ce shi ya ga dama. A lokacin kuwa Alhaji ya gina masallaci a garinmu, ya sayo lasifikoki da na'urorinsu, kwalaye jibge a farfajiyar gidan suna jiran jirgi. Na roƙe shi aron guda na kwana ɗaya. Ya ce, "Malam, kiran salla za ka fara yi wa Turawa?" Na ce a'a, wani dattijo zan nuna wa.

Na ɗauko kwalin a kafaɗa, na sauka da shi cikin tube lokacin tashin ma'aikata, ana hararata, na fito a tashar Seven Sisters, na jira bas. Kwandastan ya ce sai dai in tsaya da shi a ƙarƙashin bene. Da na isa gida kafaɗata ta mutu. Na dire shi a falo, na buɗe, na ce, "Baba, a ƙasarmu yanzu dattawa masu kiran salla da wannan suke yi. Yana hutar da ƙirji. Na ce ko za ka duba, saboda ɗakin can babba ne."

Ya dubi lasifikar, ya dube ni. Na ce a raina, to, saƙo ya isa. Sai kawai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi.

Ya kira matarsa, "Zo ki ga abin da Malam ya kawo! So yake a kore ni tun daga bakin ƙofa!" Ya share hawaye ya ce, "Malam, shekara biyu kana gidan nan. Ka taɓa ganin na kunna ko fitila ranar Asabar? Ba ma taɓa lantarki. Ko ɗan ƙarfen nan nawa a gida zan bar shi. Hazan da ƙirjinsa yake tsayawa, shi ke nan."

Na sani sarai ba sa kunna wuta ranar Asabar. Hankalina ne ya tafi ga saƙon, na manta da wannan. Mama ta ce, "Bawan Allah, tun daga Marylebone ka ɗauko wannan a kafaɗa?" Ta zuba mini shayi. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni ta ɗan daɗe. Ni kuwa na yi 'yar dariyar da ta kamata. Washegari na mayar da kwalin ta hanyar da na kawo shi, shi kuma a makon ya jefa amsarsa ta cewa zai je a akwatin gidan waya.

Saura mako uku a lokacin. Kowace safiya in na ji shi yana gwaji nakan ce yau in na dawo zan faɗa masa. In na dawo kuma ga gajiya, ga shi cikin farin ciki, ya sa an goge masa baƙar alkyabbarsa, yana ba ni labarin waɗanda za su zo jin sa. Sai in ce gobe. Har na fara rarrashin kaina cewa wataƙila kunnena ne bai san irin waƙensu ba, wataƙila rawar nan ado ce a wurinsu.

Tun ranar Juma'a da rana suka tafi, shi da Mama, suka sauka a gidan wani na kusa da sabuwar majami'ar, don ba sa hawa mota ranar Asabar. Ya ce lallai in zo. Na yi ta jujjuya abin, a ƙarshe na ce zan zauna a baya a matsayin baƙo, ba na amsawa, ba na tsayawa cikin sahunsu. Na nemi izini wurin Alhaji, na hau bas biyu. A bakin ƙofa na sunkuya zan cire takalmi, mai tsaron ƙofar ya riƙe hannuna ya ce in bar su, hular ce kada in cire.

Ɗakin ya fi yadda na zata girma, rufinsa can sama, mata a bene, maza a ƙasa. Ana addu'a ana hira. Biyun da ke gabana maganar mota suke yi. Sai Baba ya hau dandamalin tsakiya cikin baƙar alkyabba da doguwar hula, ya yafa farin mayafinsu mai ratsi, ya buɗe baki. Hirar ta mutu. Wani tsoho a gefena ya lumshe ido yana kaɗa kai, leɓɓansa suna bin kalmomin. Muryar ta cika wurin, ban san daga ina ya samo ta ba. Na ce alhamdu lillahi, ashe ni ne ban iya ji ba. Na fi awa guda ina cikin wannan daɗin.

Aka yi karatun littafinsu, aka daɗe. Sannan aka zo addu'ar sabon wata. Na gane ta tun daga farkonta, don na ji ta ta cikin katako ya fi a ƙirga. Ya taho da ita a hankali, ya fara hawa. Da ya kai can sama, muryar ta yage kamar tsohon ƙyalle. Ba ta sirance kawai ba, ta yanke, wani sauti ya fito wanda ba na waƙe ba. Wurin ya yi tsit. Da ya sauko ya wuce, da da sauƙi. Amma ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake hawa, ta sake yankewa tun kafin inda ta yanke da farko. Wani ya yi tari. A bene wata ta ce wani abu aka ce mata ta yi shiru. Ɗaya daga cikin masu maganar mota ya karkato ya ce wa ɗan'uwansa, "Da ka ji shi shekara ashirin da suka wuce." Tsohon gefena ya buɗe ido ya kafa su a littafinsa.

Baba ya ƙarasa sauran a ƙasa ƙasa, da sauri. Da aka tashi mutane suka yi layi suna ba shi hannu kamar yadda suka saba. Ni ban shiga layin ba. Na fita na tsaya a tashar bas, bas biyu suka wuce ban hau ba.

Ranar Lahadi wajen azahar suka dawo. Ina kicin. Ya shigo bai cire kwat ba, ya zauna a gabana. Mama ta ɗora ruwa a wuta ta juya mana baya.

Ya ce, "Ka zo?"

Na ce, "Na zo, Baba."

"Ka ji?"

"Na ji."

Ya ce, "A falo ma ka ji?"

Na ce, "Na ji."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ya ce, "Na rufe ƙofa, na zaunar da kai, na ce abu ɗaya nake so. Ban ce ka yabe ni ba. Masu yabo ina da su cike da maƙabarta. Me ya hana ka?"

Na ce, "Baba, a wurinmu ba a faɗa wa babba irin wannan a fuskarsa. Rashin kunya ne. Amma na faɗa maka ta hanyar da muke faɗa. Lasifikar nan da na kawo, ita ce maganar."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Kwalin? Kwalin nan shi ne amsar?"

"Shi ne."

"Ka ɗauko kwali tun daga Marylebone a kan kafaɗa, ka shiga tube, ka hau bas, don kada ka faɗi kalma uku?" Ya juya ga matarsa. "Kin ji? Mu a wurinmu mutum ya tare ka a titi ya ce ka rame, matarka ba ta ba ka abinci ne, kuma masoyinka ne. Shi wannan da kwali yake magana."

Mama ta ce, ba ta juyo ba, "Ni na gane kwalin."

Ya ce, "Ke kin gane?"

Ta ce, "Na gane. Da ya faɗa da baki ma da sai ka je. Ƙyale yaron mutane."

Ya ce, "Wataƙila da na je. Amma da na je da sanina. Da na saukar da wurin nan ƙasa, na wuce ta gefensa, su ce tsoho ya yi wayo. Akwai hanya. Na san hanya goma." Ya dafa tebur ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Ladabinka ya yi mini tsada, Malam."

Na ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu, ban san ko karɓa ba ce ko kora.

Bayan mako biyu wasiƙar kwamiti ta zo, mai ladabi ƙwarai, sun ɗauki wanda ya yi makarantar kiɗa. Labarin abin da ya faru kuwa ya riga wasiƙar zagayawa. Mama ta ce har a shagon mahauci an yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Gwajin safe ya tsaya. Makonni gidan shiru, sai ƙarar agogo da ta cokali. Mukan gaisa a bene, ya amsa, ya wuce. Na yi tunanin in nemi wani ɗakin, amma neman ɗaki a London sai mai sauran ƙarfi, ni kuwa baƙin Alhaji sun ƙaru, ga azumi ya matso.

A shekarar azuminmu da bukukuwansu a wata ɗaya suka faɗo. Ya ja wa tsofaffinsa addu'o'in ƙarshe a ƙaramar majami'ar. Ban je ba, bai kuma ce in je ba. Mama ta ce ya saukar da komai ƙasa, an gama lafiya. Daga nan aka sa wa ƙofar kwaɗo.

Abin da ya rage masa shi ne jana'iza. Idan wani tsoho ya rasu wanda ya san shi tun da, iyalin sukan bugo waya su ce Baba suke so ya yi addu'ar bakin kabari. Wannan ba ta bukatar hawa sama, kuma masu bukatarta ba su yanke ba a lokacin sanyin nan. Maƙabartar tana da nisa, yakan fita tun da safe.

Wata safiya ana yayyafi muka haɗu a ƙofa, ni zan tafi raka wani mai ciwon ƙoda asibiti, shi zai tafi binne wani tela. Fitilar zauren ta mutu, madubin ba ya nuna komai. Ya ɗora baƙar hularsa ta fita, ya juyo gare ni. Rabon da ya tambaye ni wani abu tun ranar Lahadin nan.

Ya ce, "Malam, ta zauna daidai?"

Na duba. Na ce, "Ta karkace, Baba. Hagu."

Ya gyara ta. Muka fita tare zuwa tashar bas. Tasa ce ta fara zuwa, na riƙe masa lema har ya hau.